KARATU TA INTANET: INA MALAMIN YA SHIGA?

 

'Yan uwa matasa, saurayin da ke Maruta ko wani ƙauye a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, wanda noma da ɗawainiyar iyaye suka hana shi zaman jami'a, yau an buɗe masa ƙofa: ya yi rajista, ya riƙa karatu ta wayarsa, sai lokacin jarrabawa ya shiga mota zuwa Dutse. Wannan ba abin ƙi ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, tana karantar da malaman firamare daga nesa. Jami'ar NOUN kuwa gwamnatin Shagari ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita.

To amma karatu ne idan babu malami? Ɗan uwa ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin zango, ya sayi data, ya kai waya caji kasuwa, ya fita bayan gari neman sabis. Abin da zai tarar shi ne littafi an ɗora, da tambayoyin da kwamfuta ke makawa. In ya ci karo da wurin da ya shige masa duhu ya rubuta tambaya, mako ya wuce, wata ya wuce, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ba duk malamai ke haka ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma duk inda aka yi haka, takarda aka sayar wa ɗalibi, ba a karantar da shi ba.

Musulmi bai san ilimi ta wannan fuska ba. A makarantar zaure almajiri ne ke janyo baƙi, malam na fassarawa, in ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take, kuma ba a ƙara masa sai ya iya na jiya. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya taka har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umar, alhali littattafai ba su ƙare a Degel ba. Ƙaninsa Shehu Abdullahi littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don ambaton malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ko hadisin Mala'ika Jibrilu da kowane ɗan Islamiyya ya haddace, ai tambaya ce da amsa.

Abin mamaki, su kansu Amurkawa da ake kwaikwayo sun gane haka, ko da yake su kuɗinsu suke karewa. A 2017 masu binciken kuɗi na Ma'aikatar Iliminsu suka ce jami'ar intanet ta Western Governors ta maido dala miliyan 713, don a ganinsu malamanta ba sa hulɗa da ɗalibai yadda doka ta nema. A 2019 ma'aikatar ta ce ba sai ta biya ba, amma daga 1 ga Yuli, 2021 aka fayyace ƙa'idar: dole malami ya riƙa hulɗa da ɗalibi a kai a kai, ta aƙalla hanya biyu, kamar koyarwa kai tsaye, gyara aikin ɗalibi da yi masa bayani, ko amsa tambayarsa. In babu wannan, sunan abin karatun wasiƙa.

Idan mai tsoron asarar dala ya kafa wannan sharaɗi, ina ga wanda ya san za a tambaye shi amana gobe ƙiyama? Malamin da ke karɓar alawus a kan darasin da bai leƙa ba, ya je ya tambayi malaman fiƙihu hukuncin wannan kuɗi. Su ma masu makarantun da ke tara ɗaruruwan ɗalibai a wuyan malami guda, ko su riƙe masa haƙƙinsa, suna da nasu kason na alhaki.

Saboda haka kafin ɗan uwa ya biya ko kwabo, ya tabbatar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da makarantar ta yi karatun nesa. Sannan ya tambayi sunan malamin kowane darasi, da ranar da yake zama da ɗalibai, da kwana nawa tambaya ke yi kafin a amsa ta. 'Yan uwan da ke darasi ɗaya su haɗu bayan Juma'a, su rubuta ranakun da aka bar su babu amsa, su sa hannu gaba ɗayansu, su kai wa shugaban cibiyarsu.