KANA SON ZAMA MAI ZANA FANEL NA KAYAN LANTARKI MASU GUDU? KADA KA FARA DA MANHAJA



Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita, a cikinta akwai fanel ɗin da masu gyara ke kira injin waya. Wannan allo, wato PCB, mutum ne ya zauna ya zana kowane layin jan ƙarfe da ke kansa, hawa takwas ko goma a danne wuri ɗaya. Sana'a ce mai zaman kanta, kuma masu iya ta ba su da yawa. To amma yawancin matasan da ke sha'awarta da kuskure ɗaya suke farawa: su sauke Altium Designer ko Cadence Allegro na sata, su shafe watanni suna haddace madannai, su ɗauka sun zama gwanaye.

Ni a ganina wannan ɓata lokaci ne. Manhaja alƙalami ce kawai. Abin da kamfani zai biya ka dominsa shi ne sanin yadda sigina ke tafiya a cikin allo.

Bari in ba ka misali. A kan allon FR-4 da aka saba amfani da shi, sigina na cin kimanin santimita 15 a cikin nanosakan ɗaya, wato kusan rabin gudun haske. Idan guntun da kake amfani da shi yana tashi daga 0 zuwa 1 cikin nanosakan ɗaya, layin da ya wuce santimita 2 zuwa 3 ya daina zama waya kawai. Siginar za ta iya kaiwa ƙarshe ta dawo kamar amsa-kuwwa, ta ɓata saƙon. Ka lura fa, ba yawan megahaz ne ma'aunin ba, saurin tashin siginar ne. Shi ya sa wani allon da ake ganin ba shi da gudu yake ta ba da matsala, mai shi ya rasa dalili.

Na biyu, wutar da ta tafi sai ta dawo. A sigina mai gudu, hanyar dawowarta tana bin ƙarƙashin layin da ta bi, a kan shimfiɗar giraund. Ka tsaga wannan shimfiɗar, wutar ta yi zagaye, allon ya koma eriya yana watsa hayaniya. Wanda ya fahimci wannan kaɗai, wallahi ya wuce da yawa daga masu taƙama da manhaja mai tsada.

To ta ina za ka fara?

Ka sauke KiCad. Kyauta ce, halak malak, kuma cibiyar bincike ta CERN da ke Turai ta sa hannu wajen inganta ta. Tana jan layuka tagwaye, tana daidaita tsawonsu. Sai dai waya ba za ta yi maka wannan aikin ba. Za ka yi karatu da kallon darussa a kanta, amma zane sai da kwamfuta, ko da ta hannu ce.

Allonka na farko ya zama mai hawa biyu, da ƙaramin guntu irin STM32 ko RP2040. Na biyu ya zama mai hawa huɗu da USB 2.0 mai gudun megabit 480, inda dole tagwayen layukan su tsaya a om 90. Daga nan sai Ethernet mai om 100. DDR da PCIe kuwa, ka bar su sai ƙafarka ta yi ƙwari. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abu mafi muhimmanci: ka tura a buga maka allon. Kamfanonin Sin irin JLCPCB da PCBWay suna buga guda biyar a kan 'yan daloli, kuɗin kawowa ma yakan fi na bugawa. Zanen da ba a buga ba, ba a haɗa ba, ba a kunna ba, bai koya maka komai ba. Ranar da allonka ya ƙi tashi ka kwana da mita a hannu, ranar ka fara koyo.

Wajen karatu, littafin Howard Johnson da Martin Graham na 1993 kan zanen dijital mai gudu har yau yana aiki, haka rubuce-rubucen Eric Bogatin. A YouTube ka nemi Phil's Lab da Robert Feranec, da laccocin Rick Hartley. Ka kuma buɗe zanen BeagleBone Black, a fili yake, ka ga yadda manya suka yi.

Wani zai ce, ai ba digirin injiniya gare ni ba. Gaskiya digiri yana buɗe ƙofa, kuma lissafi da fiziks ba makawa. Amma kai mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano, hannunka ya saba da dalma, idonka ya saba da zanen da'ira. Ɗalibai da yawa ba su da wannan.

Ba zan yaudare ka ba, yawancin guraben aikin suna Amurka, Sin, Taiwan, Indiya da Turai. A nan gida sai wajen masu ƙera inbata, mitar wuta da na'urar bin diddigin mota, ko aiki ta intanet. Kuma duk inda ka je, tambayar ɗaya ce: me ka taɓa ginawa? Ka ajiye zanenka a GitHub, da hotuna, da bayanin kuskuren da ka yi da yadda ka gyara.

Allo uku masu aiki sun fi satifiket goma. Allah Ya ba da sa'a.