Kaka Ta Yi: Mu Hau Keke Mu Zaga Filato

Duk lokacin da aka yi maganar ziyarar ƙara ilimi a sashenmu, abin da ke zuwa bakin ɗalibai shi ne a ɗauki hayar bas a tafi Kano ko Katsina ko Daura, a ga Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da rijiyar Kusugu. Ba ni da ja a kan haka, domin duk mai nazarin Hausa ya kamata ya taka waɗannan wurare ko da sau ɗaya ne. Amma ina ganin mun tsallake abin da ke ƙofar gidanmu. Shawarata ita ce, idan damina ta ɗauke, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, mu hau kekuna mu zaga ƙauyukan da ke kewaye da Jos, muna kallon ƙasa muna kuma sauraren Hausar da ake yi a cikinta.

Na zaɓi kaka ne saboda babu lokacin da ya fi shi daɗin tafiya a nan. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, don haka rana ba ta gasa mutum kamar a Kano. A kaka laka ta bushe, sanyin hunturu mai tsaga leɓe bai sauka ba, ciyawa ta fara yin ruwan ɗorawa a kan duwatsu, ana girbin acca da masara, ga shingen ƙerana ya zagaye gonaki kore shar. Wanda ya bi hanyar Riyom a wannan lokaci ya ga duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gani ya kori ji.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a yi wannan a mota? Mota wucewa take yi, ba ta barin mutum ya ji komai sai rediyon direba. Mai keke kuwa dole ya tsaya ya sha ruwa, ya nemi mai faci, ya tambayi hanya, ya yi cinikin gasasshiyar masara, kuma duk wannan da Hausa zai yi shi. Ni Birom ce ta haife ni, da Biromanci na fara magana, Hausa kuwa a titi da kasuwa na tsince ta kafin in zo in koyi nahawunta a aji. Na san yadda mutanenmu ke cewa "matata ya zo", da yadda "ƙasa" da "kasa" suke zama abu ɗaya a bakinsu. A takardar jarrabawa wannan kuskure ne, kuma malam yana da gaskiya idan ya ja masa jan biro. Amma a kasuwar Mangu da irin wannan Hausa Bamagavul da Ba'angas da Bafulatani suke ƙulla cinikin buhunan masara, ba wanda yake gyara wa wani jinsi. Wannan karin harshe ne mai rai, kuma abin takaici ne a ce ɗalibin da ya yi shekara huɗu a Jos zai iya kawo siffofin Sakkwatanci da Katsinanci a kai, amma bai taɓa zama ya rubuta shafi ɗaya a kan Hausar Barkin Ladi ba.

Su kansu sunayen garuruwan darasi ne. Barkin Ladi, Mararabar Jama'a, Sabon Gida, Tudun Wada, Gangare, duk Hausa ce zaune a ƙasar da ba ta Hausawa ba tun asali. Kuza ce ta kawo yawancin wannan. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ramukan haƙar kuza, leburori suka yi ta kwarara daga ƙasar Hausa da sauran sassa, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso nan a 1914. A barikokin leburorin nan Hausa ta zama harshen da kowa ke ji. Yau ramukan sun cika da ruwa sun zama tafkuna, kamar na Rayfield, wasu har da tsibin ƙasa a tsakiyarsu kamar ƙananan tsibirai, kuma manoma na jan ruwansu suna noman rani na kabeji da karas da tumatir. Kyan gani gare su da yamma, sai dai zurfinsu ya ci rayuka da dama, don haka kallo kawai za mu yi, ban da wanka.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane amfanin irin wannan tafiya. A Japan akwai hanyar da ake kira Shimanami Kaido, wadda aka buɗe a 1999, mai tsawon kusan kilomita 70, ta tashi daga garin Onomichi ta ratsa tsibirai shida ta kan gadoji ta sauka a Imabari. An ware wa kekuna wurin binsu, mutum zai ɗauki hayar keke a wannan gefe ya ajiye a wancan. Mu ba mu da teku, kuma ba na mafarkin gwamnati za ta zana mana layin keke gobe. Abin da na ɗauka daga can shi ne, kilomita 70 ba wani abin tsoro ba ne ga matashi mai lafiya idan aka raba shi kwana biyu. Ga kuma batun aljihu: tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 hayar bas zuwa Kano ta fi ƙarfin yawancinmu.

Na san abin da iyayenmu za su fara faɗa, kuma ba zan raina shi ba. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, garin Jos ya rabu, akwai unguwar da wane ba ya shiga, akwai wadda wance ba ta kwana. Hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi kuwa har yanzu ba su bar zukata ba. Saboda haka ban ce mu ɗauki kekuna mu faɗa daji ba. A fara da gajeren zango, daga Jos zuwa Rayfield, a bi ta Bukuru a kai Vom inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, a juyo kafin la'asar. Duk ƙauyen da za a shiga, ɗalibin da ya fito daga can ne zai yi gaba, a fara zuwa gaida mai gari, a faɗa masa abin da ya kawo mu, kada kuma a naɗi muryar kowa a waya sai da yardarsa. A ajinmu akwai ɗan Unguwar Rogo akwai ɗan Vom, benci ɗaya suke zama, amma ɗaya bai taɓa shan ruwan gidan ɗaya ba. Ina ganin kwana ɗaya a kan hanya, wannan na riƙe wa wancan keke ana faci, zai yi abin da taron lacca a kan zaman lafiya bai yi ba.

Mota ma tana da nata aikin. A samu ɗaya ta biyo mu a baya da ruwa da kayan agaji, ta ɗauki wanda ya gaji da 'yan'uwanmu mata da ba su saba da keke ba, ko da yake na san wasu a cikinsu za su bar mu a baya a hawa. Idan kuma za a je ganin ruwan Assop, to a loda kekuna a mota, domin gangaren Hawan Kibo da manyan motocin da ke binsa ba wurin gwada birki ba ne.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su sa wannan batu a taro na gaba, a nemi malami ɗaya ya yi mana jagora, a kuma roƙi sashe ya karɓi abin da muka rubuto a matsayin aikin jinga na darasin karin harshe. Wanda ba shi da keke ya fara lallaɓar maƙwabcinsa tun yanzu, kafin Oktoba.