Kunnen Makaɗin Fada da Mizanin Turawa

A makarantun kiɗa na Turai ana girmama wata baiwa da Allah Ya hore wa ƙalilan daga cikin bayinSa, wato mutum ya ji sauti guda tilo, ba a jingina shi da wani ba, nan take ya faɗi sunansa da matsayinsa. Sai dai ma'abota wannan baiwa sukan sha wuya a babbar ƙungiyar makaɗa, domin da yawa daga kayan busarsu ba sa furta abin da aka rubuta musu: kilarinet da aka fi busawa takan sauko da mataki guda, ƙahon Faransa kuwa har ya sauko zuwa sauti na biyar, sai ido ya karanta wani abu, kunne ya shaida wani. Shi kansa mizanin nasu, girgiza 440 cikin daƙiƙa, ittifaƙi ne da aka ƙulla a Landan cikin 1939, ba wahayi ba.

To, duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934, ya kuma kasa kunne ga makaɗan Sarkin Kabi, ya san cewa namu ba su taɓa dogara da tsayayyen sauti ba. Fatar ganga takan ɗaure da hunturu, ta saki da damina. Muryar mawaƙi takan dushe bayan kwana ana waƙa. Amma da zarar ya sassauto, mai kalangu ya sassauta tsarkiya a hammatarsa, 'yan amshi su bi, take kuwa bai sauya ba, saboda abin kiyayewa shi ne tazarar da ke tsakanin sautuka. Haka ma harshenmu yake, tashi da faɗuwar muryar gaɓa sai an gwada ta da maƙwabciyarta. Wanda ya iya wannan, a ganina, ya fi mai haddar suna fasaha.

Abin tsoro shi ne piyanon situdiyo, wanda ba ya tanƙwaruwa, yana tarbiyyar kunnen samarinmu bisa mizani guda. Ya wajaba hukuma a Birnin Kebbi, da masarautun Gwandu da Argungu, su naɗi busar kakaki da algaita da kiɗan fada daga dattawan sana'ar, a adana a gidan tarihi na Kanta, tun suna raye.