Jerry Lawson: Daga Gyaran Talabijin Zuwa Ƙera Na'urar Wasa

Idan kun bi ta rumfar masu gyaran waya a kasuwar Boɗinga ko Shagari, ku tuna da Jerry Lawson.

Baƙar fata ne, an haife shi a New York ta Amurka a 1940. Tun yana yaro yake gyaran talabijin yana samun na kashewa. A 1976 ya jagoranci injiniyoyin kamfanin Fairchild suka ƙera Channel F, na'urar wasan bidiyo da ake zura wa kaset a sauya wasa. Kafin nan, galibi wasan da na'ura ta zo da shi, shi ke nan.

Daga baya ya kafa kamfaninsa, Videosoft, amma bai daɗe ba ya durƙushe. Sai ya koma ba kamfanoni shawara da horar da matasa. An karrama shi a Maris 2011, ya rasu a Afrilu.

Wasan da ke cinye muku lokacin bita, wani ne ya ƙirƙira shi da lissafi da kimiyya. Ku riƙe waɗannan darussa biyu da kyau.