Gargaɗin Tafiya Na Jiya Ba Zai Fisshe Mu Yau Ba

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da babu wadda ba ta taɓa ji daga bakin uwa ko kaka ba, watau gargaɗin nan da a kan yi wa mace in za ta yi tafiya. Ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu sake dubansa, domin hanyoyin da aka yi gargaɗin sabo da su ba su ne muke bi a yau ba.

Tun ina ƙarama a Gwandu na haddace wannan gargaɗi a bakin Innarmu. Ki yi sammako. Ki ɗaure kuɗinki a lalita. Kada ki ci abin hannun wanda ba ki sani ba. In kin shiga mota ki zauna kusa da tsohuwa. In dare ya yi miki a hanya ki nemi gidan mai gari. Da na kama aikin koyarwa a Kalgo, shi ɗin dai na riƙa maimaita wa 'yan matan ajina duk lokacin da za a yi hutu, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko har yanzu yana da amfani ba.

Abin da ya sa na tsaya na yi tunani shi ne ƙanwata. An yi mata aure aka kai ta wani gari a ƙasar Zuru, inda maigidanta yake aiki. Da cikinta na fari ya tsufa, Inna ta ce ita da ƙafarta za ta je ta taho da ita goyon ciki kamar yadda aka saba. Ta shirya za ta tashi daga Gwandu da kiran sallar farko, ta sauka Jega, ta nemi motar Koko, daga nan ta bi ta Mahuta. Daren da za ta tafi sai ƙanwar tawa ta kira ni ta waya, muryarta na rawa, ta ce, “Yaya, don girman Allah ki hana Inna sammako. Mu nan ba mai fita sai hantsi ya dubi ludayi, sai motocin farko sun iso an ji bakin direbobi. Da la'asar ta yi kuma kowa ya tsaya inda yake.” Na yi shiru na rasa ta cewa. Ashe abu na farko da aka koya mana, wanda ni ma nake koya wa 'ya'yan mutane, shi ne abu na farko da aka daina a can.

To, me ya kawo haka? Dalili a fili yake. Gargaɗin iyayenmu an yi shi ne sabo da ɓarawo da ɗan fashin da, wanda kayanki yake so. In kin ɓoye kuɗi kin tsira, in kuma ya karɓe ya tafi, ke ki wuce. Ɗan bindigan yau kuwa ke kanki yake nema, ya shige daji da ke, ya kira danginki su sayar da gona da shanu su biya kuɗin fansa. Lalita ba ta maganin wannan. Sammako kuma, wanda a da yake raba mutum da dare, a wasu wurare yanzu shi ne zai sa motarku ta zama ta farko a kan hanyar da ba wanda ya san abin da ya kwana a kanta. Masu iya magana sun ce kana sammako, wani a tafe ya kwana.

Kada wata ta ce ai sai a ba mu sabuwar doka mu haddace kamar ta da. Matsalar ke nan, babu dokar da ke zama daram. Ku tuna da hanyar Abuja zuwa Kaduna. Da ta lalace, kowa cewa yake a shiga jirgin ƙasa, shi ne lafiya. Ran 28 ga watan Maris 2022 aka dasa wa jirgin bam, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da mutum 60, cikinsu har da mata da yara, ba a sako na ƙarshe ba sai a watan Oktoba. Wata kuma za ta ce a shiga motar da ta cika, yawan jama'a kariya ne. A watan Disamba 2021 motar fasinja aka tare a yankin Sabon Birni ta Jihar Sakkwato aka sa mata wuta, fiye da mutum 20 suka rasu. Haka batun lokaci. Da rana kata aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ran 17 ga watan Yuni 2021, kuma 'yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023. Amma a makarantar 'yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, kafin gari ya waye aka shiga ran 17 ga watan Nuwamba 2025, aka kashe mataimakin shugaban makaranta, aka tafi da 'yan mata 25, Allah ya taimaka suka dawo cikin watan.

Sabo da haka abin da na gane shi ne, labarin hanya kamar nono yake, in ya kwana ya yi tsami. Wadda ta bi hanya bara ba ta da abin da za ta gaya miki. Wadda ta ji a bakin wata a gidan biki ita ma haka. Mutumin da ya kamata ki tambaya shi ne wanda ke zaune a wurin, kuma ranar tafiyar za ki tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙanwata da ban taɓa neman shawararta a kan kome ba, a wannan fanni ita ce malamata, domin ta san ranar da ake cin kasuwar kowane ƙauye, ta san gadar da direbobi ba sa son rage gudu a kanta, ta san abin da ake nufi in an ga sa'a guda ta wuce ba mota ko ɗaya da ta fito daga gaba.

Amma fa tambayar ma sai an iya ta. Mu Hausawa ko muna kwance asibiti aka ce ina kwana, lafiya lau za mu ce. In kin kira 'yar'uwarki kin ce, “Ya garin naku?” za ta ce alhamdu lillahi, ko don kada hankalinki ya tashi, ko don kada a ce ta kushe garin mijinta, ko kuma don sabo ya sa abin ya daina ba ta tsoro. Sai ki yi mata tambayar da ba a amsa ta da lafiya lau. Yaushe rabon da a tare hanyar? A daidai ina? Da wane lokaci? Akwai wanda kika sani da ya bi ta jiya ko yau? Ke da kanki, da goyonki a baya, za ki bi ta gobe? Amsar wannan ta ƙarshe ita ce gaskiyar magana.

Ba mu kaɗai wannan abu ya dama ba. A ƙasar Meziko, maƙwabciyar Amurka, ƙungiyoyin masu fataucin miyagun ƙwayoyi ne ke riƙe da makamai suna tare hanyoyi suna sace mutane a wasu yankuna, alhali kuwa Amurkawa fiye da miliyan guda sun yi ƙaura suna zaune a ƙasar da iyalansu. A watan Maris 2023 wasu Amurkawa 4 suka tsallaka iyaka da mota zuwa garin Matamoros, 'yan bindiga suka buɗe musu wuta suka sace su, biyu suka rasa rayukansu. Abin lura a nan shi ne yadda gwamnatin Amurka ke yi wa mutanenta gargaɗi. Ba ta yi wa ƙasar duka kuɗin goro ba. Jiha-jiha take bi, tana sa kowacce a ɗaya daga cikin matakai 4, daga inda za a je da kulawa ta yau da kullum har zuwa inda ta ce kada a je sam, kuma ta kan sa kwanan wata ta sake dubawa. Watau gargaɗin da zai yi amfani sai ya ambaci wuri, ya ambaci rana.

Mu kuwa da muke gida, kurakurai biyu mu kan yi wa 'yan'uwanmu da aure ko aiki ya kai su irin waɗannan wurare. Na farko, da mun ji labari a rediyo sai mu ɗauki waya: ki tattara ki dawo, me kike jira? Mun manta a can gonarsu take, a can aikin mijinta yake, a can 'ya'yanta ke karatu. Mun kuma manta ƙasar Zuru faɗi gare ta, abin da ya faru a wannan ƙauye wani garin sai a rediyo zai ji kamar mu. Mu ɗin ma ba a cikin tulu muke ba. A watan Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, can gefen Argungu, nesa da Zuru ƙwarai.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, kuma mu mata mu ne masu yin sa. In an yi suna ko biki 'yar'uwa ba ta zo ba, sai gori ya tashi: ta yi aure ta manta da dangi, ai zumunci a ƙafa yake. Na san matan da tsoron wannan gori ya sa suka matsa wa mazajensu, suka hau hanyar da zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba, don dai kada a ce. 'Yar'uwa, ki tambayi kanki tsakani da Allah, in aka tare ta a hanyar zuwa sunan ɗanki, wa zai biya fansar? Turmin atamfar da za ta kawo miki ya kai ranta? Wadda ta aiko da gaisuwa da gudummawa ta ce hanya ba kyau, a karɓi uzurinta hannu biyu, kada a bi ta da habaici.

Idan tafiya ta zama dole, ga abin da nake gaya wa kaina yanzu. Kada ki yi shelar ranar tafiyarki a gidan biki ko a waya, domin an sha kama masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikin gari. Maigida da mutum ɗaya a can inda za ki, sun isa. Ki shiga mota a tasha, inda 'yan kamasho suka san direba, kada araha ta ja ki ki tare mota a bakin hanya. Ki cika wayarki da caji, ki kuma rubuta lambobi biyu a takarda, don akwai wuraren da waya ba ta kamawa. Ki bar gwal da manyan leshi a akwati. In direba ya tsaya a wani gari ya ce ba zai wuce ba sai ya ga mota ta fito daga gaba, kada ki shiga cikin masu yi masa tsawa. In la'asar ta riske ku a Koko ko Jega, a kwana, gobe ma rana ce. Daga cikin tsohon gargaɗi, hanyar lafiya a bi ta da shekara shi ne bai tsufa ba.

Ku kuma 'yan makarantar kwana, 'ya'yana, kada labaran nan su sa ku ce kun bar karatu, kada kuma iyaye su fake da su su cire ku. Amma ran hutu kada ki ce ke babba ce ki kama hanya ke kaɗai, ko ki ratse gidan ƙawa ba da sanin gida ba. A zamanin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, 'yan taru su kan taso daga ƙauyuka neman ilmi, amma a ƙarƙashin jaji suke tafiya, babbar mace wadda ta san hanya kuma ake jin maganarta. Ba su fasa neman ilmi ba, ba su kuma tafi kara zube ba. Ina roƙon shugabannin makarantu su riƙa sallamar yara da wuri yadda kowacce za ta isa gida da rana, su kuma sanar da iyaye kai tsaye.

Na san wata za ta ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne rufe ido ba. Na kuma san duk wannan dabara ta talaka ce, ba ita ce magani ba. Tsare hanya aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ta Tarayya ba har ranar da tsohuwa za ta je ganin jikanta ba tare da an yi shawara kamar za a tafi yaƙi ba.

Inna dai ba ta yi sammakon ba, ko da yake sai da muka kai ruwa rana, tana cewa ɗiyar da ta haifa ba za ta koya mata tafiya ba. A ƙarshe ƙanwata ce ta zaɓi rana, maigidanta ya rako ta har Koko da hantsi, mu kuma muka tarye ta a can. Ta sauka lafiya a Gwandu, ta yi arba'in ta koma ɗakinta. Ranar komawar na ji Inna da bakinta tana cewa, “Ku dakata tukuna, a kira can a ji ko motoci sun fara isowa.”

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya dawo da waɗanda ke hannun miyagu gida lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu baki ɗaya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.