Faransancin da ɗan Daura ke buƙata in zai je Damagaram

Da wuya a buɗe littafin Faransanci na ƙaramar sakandare a rasa darasin ziyarar aboki. Yaro ya buga waya, a tsayar masa da rana da lokaci, ya je ya danna ƙararrawa, a ce masa "entrez", ya sha lemo, ya duba agogo ya tashi. Ɗalibi a Daura zai haddace wannan tsaf ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa ganin an yi ziyara haka a gidan kowa ba.

Ga shi kuwa yaran da suka fi na masarautar Daura kusa da Faransanci a Najeriya ba su da yawa. Daga Daura a bi ta ƙasar Mai'aduwa zuwa Kongolam, an shiga Nijar ke nan, hanya ta miƙe Matameye har Damagaram. Ta Baure kuma a fita Babban Mutum a faɗa Magarya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ta ratsa gonaki da dangi, amma biki da suna da ta'aziyya ba su fasa ba.

Wanda ya je gaishe da gwaggonsa a Magarya ba ruwansa da "bonjour". Sallama zai yi a zaure, a shimfiɗa masa tabarma, a dama fura, a yi ta ina gajiya da yaya mutanen Daura har furar ta kwanta. A hanya da kan takarda Faransancin ke tare shi. Jandarma a shinge zai nemi katin shaida, ya tambayi ina za a, wurin wa, kwana nawa. Galibi da Hausa ake ƙarewa, sai dai rasit da allon tasha da takardar likita ba sa jin Hausa. Katin biki daga Damagaram yakan zo ɗauke da "samedi" da "16h", kuma wanda bai san Asabar ƙarfe huɗu na yamma ake nufi ba, sai ya tarar an naɗe tabarmi. In ya tsaya sayen tsaraba, zai ga 500F a rubuce, mai kanti ya ce masa dala ɗari, domin can dala sefa biyar ce, jaka kuma dubu. Wane littafin makaranta ya taɓa faɗa masa wannan?

Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, maganar da ta fi ƙarfi a takarda. Cibiyar da gwamnati ta kafa a 1991 don ɗaliban jami'a su goge bakinsu kuwa tana Badagry, can bakin teku, sai ɗan Katsina ya ratsa ƙasar nan gaba ɗaya neman abin da ke bayan gidansu.

Wasu za su ce ai magana ta ƙare, tunda a Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kundinta na sabon tsari kuma ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin farin ciki ne. Amma kundin nan ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma ma'aikacin da ya yi karatunsa da Faransanci ba zai sauya alƙalami cikin dare ɗaya ba. Hulɗa da Nijar kuma ba raguwa za ta yi ba: layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma ta Daura aka tsara zai bi.

Malamin Faransanci a Zango ko Sandamu ba sai ya jira sabon littafi daga Abuja ba. Ya nemi tsohon katin biki da rasit ɗin tasha a hannun direbobin Kongolam, ya sa wani yaro ya zama jandarma, wani ya zama baƙon da zai kwana uku wurin kawunsa a Matameye, a yi tambaya da amsa har bakinsu ya faɗa. Ranakun mako, ƙirgen kuɗi, agogon sa'a 24 da kwatancen gida sun ishi zango guda.