Arahar Ƙetare, Tsadar Gida

Babu tatsuniyar da ta fi karɓuwa a tsakanin ɗalibanmu irin wadda ke cewa kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi araha a ƙasar waje. Da zarar an ji wani zai tafi Umara ko fatauci Dubai, sai a yi masa caa da sautu. Ni ma na taɓa bin wannan sahu, shi ya sa nake da bakin magana.

Mu fara da lissafi, tunda da shi ake kafa hujja. Farashin da ake gani a intanet da dala ko riyal yake, mu kuwa naira muke riƙe da ita. Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kafin kuɗinka su bar hannun ɗan canji a Wapa, an riga an yanki rabo. A Saudiyya harajin kaya kashi 15 ne cikin 100 tun 2020, ninkin namu na 7.5. A yawancin jihohin Amurka kuwa, sai ka zo biya ake ɗora maka harajin da ba ya jikin farashin da aka rubuta. Ina arahar take?

Amma asarar da ta fi ciwo ba ta shiga lissafi. Tawa kwamfutar wani ɗan uwana ne ya kawo mini ita. Wata huɗu ta yi, ta mutu ina tsakiyar rubuta kundin kammala digiri. Da na ɗauko takardar garanti, sai na tarar ba ta aiki sai a yankin da aka sayi na'urar. Wa zan kama? Ɗan uwan da ya yi mini alheri, ko mai kantin da ban taɓa ganin fuskarsa ba? Kuɗin gyara suka cinye rarar da nake taƙama da ita, har suka ci uwar kuɗi, zumunci kuma ya yi tsami na ɗan lokaci.

Za a ce kasuwarmu cike take da algus, ana goge tsohuwa a sayar da sunan sabuwa. Gaskiya ne, ban kuwa wanke kowa ba. Sai dai macucin da ke Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja yana da shago, yana da maƙwabta, yana da shugabannin kasuwa da za a kai ƙara gabansu. Kana iya kunna na'urar a gabansa, ka duba lafiyar batir, ka gwada lambar jikinta da ta kwali, ka karɓi rasit. Macucin ƙetare kuwa teku ce ta raba ku.

Abin da ke kai mu waje, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, raina namu ne da son a ce "daga waje aka kawo mini". Wanda ke zaune can, mai iya komawa kantin gobe, ya saya lafiya. Ɗalibin da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona don ya haɗa masa kuɗin, shi bai da hurumin yin caca. Hausawa sun gama magana: sayen nagari mai da kuɗi gida. Nagari kuwa shi ne wanda in ya lalace ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.